JATAN LANDE: AIKIN GISHIRI DA AMONIYA A JIKINSA

Darasi domin Hakimai da Malamansu

Jatan lande ba baƙo ba ne a kasuwannin Arewa. Busasshensa da ake aunawa a mudu, mata su daka su zuba a miya, yawancinsa daga bakin teku fatake ke kawo shi, daga wajen Oron da Kalaba. Akwai kuma waɗansu irinsa a cikin kogin Kwara da na Binuwai, da waɗansu ƙanana a Tafkin Chadi. A yau fiye da rabin jatan landen da ake ci a duniya ba kamo shi ake yi ba, kiwonsa ake yi a kandami, musamman a ƙasashen Sin, da Ekwado, da Indiya, da Biyetnam, da Indunusiya.

Tun da yake kiwon kifi ya yaɗu a ƙasar nan, ba mamaki wata rana wani ya zo gaban Hakimi neman fili a fadama don ya gwada kiwon jatan lande. Ya kamata Hakimi da Malaminsa su san abin da za su tambaye shi kafin a sa hannu a takarda. Abu biyu ne suka fi kashe wannan dabba a kandami, watau rashin daidaiton gishiri da taruwar amoniya. Kowannensu shi kaɗai wahala ne, amma in suka haɗu sai ɓarnar ta ninka, domin gaɓa ɗaya ce a jikinsa ke ɗaukar nauyin duka biyun.

1. HALITTARSA

Jatan lande ba shi da ƙashi a ciki. Ɓawo ne ke rufe da shi, kuma ɓawon nan ba ya girma. Saboda haka in jiki ya cika shi, sai dabbar ta yi saɓa kamar maciji, ta sha ruwa ta kumbura, sa'an nan sabon ɓawo ya taurare. A kwanakin saɓa jikinsa taushi gare shi, ruwa da duk abin da ke cikin ruwa suna shigarsa da sauƙi, shi ya sa mutuwa ta fi yawa a lokacin nan.

Jininsa ba ja ba ne. In ya sha iska launinsa shuɗi-shuɗi ne, domin abin da ke ɗaukar oksijin a cikinsa, watau iskar da rai ke bukata, da jan ƙarfe aka gina shi. Jinin nan bai kai na kifi ɗaukar oksijin ba, don haka ƙaramar tawaya ma tana nuna a jikinsa da wuri. Ƙodarsa kuwa a kai take, a gindin dogayen gashin bakin nan nasa guda biyu, ta nan yake fitsari.

A ƙarƙashin ɓawon kansa, dama da hagu, akwai waɗansu 'yan filloli masu laushi kamar gashin tsuntsu, waɗanda da su yake numfashi. A cikin wannan darasi za a kira su mashaƙa. Fatarsu siririya ce ƙwarai, jini na gudu ta ciki, ruwa na gudu ta waje. Aiki uku suke yi: su ɗauko oksijin daga ruwa, su daidaita gishirin jini, su fitar da amoniya. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe mabuɗin darasin duka.

2. GISHIRI

Ana auna gishirin ruwa da kashi cikin dubu. Ruwan teku yana da kimanin kashi 35 cikin dubu, watau giram 35 na gishiri a kowace lita. Ruwan daɗi na kogi bai kai rabin giram ba. Abin da ke tsakaninsu shi ne ruwan zartsi, irin wanda ake samu inda kogi ya haɗu da teku.

Akwai wata ƙa'ida da kowace mai girki ta sani, ko da ba ta san sunanta ba. In aka barbaɗa wa ɗanyen nama gishiri, sai ruwansa ya tsattsafo. In aka jiƙa wake a ruwan daɗi, sai ya sha ya kumbura. Watau kullum ruwa yana bin gishiri, yana ratsa siririyar fata daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa.

To, jinin jatan landen teku da ake kiwo ya yi daidai da ruwa mai gishiri kashi 25 cikin dubu, ko kusa da haka. In ruwan kandami yana nan wajen, babu ja-in-ja tsakanin jini da ruwa, abin da dabbar ta ci sai ya tafi wajen girma. In aka sa shi a cikakken ruwan teku, ruwan jikinsa zai riƙa fita, sai ya sha ruwan gishirin, mashaƙa su tura rarar gishirin waje. In kuwa gishirin ruwa ya ragu ƙwarai, sai lamarin ya juya: ruwa ya riƙa kwararowa cikin jikinsa, gishirin jini ya riƙa zurarewa. Tilas ya yawaita fitsari, fitsarin kuma yana tafiya da gishiri, sai mashaƙa su dage suna tsinto ɗan gishirin da ke cikin ruwa suna mayar da shi jini.

Wannan tsintowa ba a banza take ba. A cikin ƙwayoyin mashaƙa akwai wani abu mai aikin famfo, wanda ke musayar sodiyam da fotasiyam, biyu daga cikin gishirin jiki. Famfon nan da ƙarfin abinci yake tafiya, kamar yadda injin ban ruwa ke shan mai. Duk ƙarfin da ya ci, an rage shi ne daga girma.

Har wa yau akwai wata dabara ta biyu. Ƙwayoyin naman jatan lande suna ajiye waɗansu ƙananan gutsattsarin furotin, watau sinadarin gina jiki, don su riƙe ruwansu daidai. Sa'ad da gishirin waje ya faɗi, sai jiki ya ƙone wani kashi na gutsattsarin nan don kada ƙwayoyin su kumbura. Tokar wannan ƙuna kuwa ita ce amoniya. Ke nan jatan landen da ke cikin ruwa mai ƙarancin gishiri ya fi fitar da amoniya bisa ga wanda ke cikin ruwan da ya dace da shi.

Jatan landen kogi ma bai rabu da gishiri ba. Manyansa a ruwan daɗi suke zaune, amma 'ya'yan yawancin manyan irinsa ba su rayuwa sai a zartsi. Wani masani mai suna Shao-Wen Ling, wanda ke aiki a tsibirin Penang na Malesiya, shi ya gano haka a shekarar 1961. Kafin nan 'ya'yan da ya ƙyanƙyashe a ruwan daɗi mutuwa suke yi cikin 'yan kwanaki kaɗan. Da aka sa musu zartsi sai suka rayu. Har yanzu a ruwa mai gishiri kimanin kashi 12 cikin dubu ake renon irin nan, sai sun yi siffar manya tukuna a mayar da su ruwan daɗi.

3. AMONIYA

Duk wanda ya taɓa shiga akurkin kaji da ba a share ba, ko turken awaki da damina, ya san warin nan mai hawa ido. Wannan ita ce amoniya. Duk dabbar da ta ci furotin sai jikinta ya yi ta. Mutum da dabbobin gida hantarsu na juyar da ita ta zama abu marar dafi sosai, ya fita a fitsari. Jatan lande da kifi kuwa yadda take suke zubar da ita cikin ruwa ta mashaƙa. A kogi ko teku ruwa ya tafi da ita. A kandami babu inda za ta.

Abincin da ake ba jatan lande kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari furotin ne. Kimanin rubu'in sinadarin naitirojin da ke cikin abincin nan shi ne kawai ke zama nama. Saura duk a ruwa yake ƙarewa, ko ta mashaƙa, ko ta kashi, ko ta ragowar abinci da ke ruɓewa a ƙasan kandami. Mai kiwo da ke zuba abinci fiye da kima don ɗokin girma, dafi yake saye da kuɗinsa.

Amoniya a cikin ruwa siffa biyu gare ta. Akwai ɗaurarriya, wadda ba ta ratsa fatar mashaƙa da sauƙi. Akwai kuma sakakkiya, mai halin iska, wadda ke ratsawa kai tsaye ta shiga jini. Sakakkiyar ita ce mai dafi ƙwarai. Abin da ke raba yawan wannan da waccan shi ne zafin ruwa da kuma matsayinsa tsakanin tsami da kanwa. Ma'aunin wannan matsayi shi ake kira pH: lamba 7 ita ce tsakiya, ƙasa da ita tsami, sama da ita halin kanwa. A ruwan daɗi mai zafin digiri 30, ga yadda rabon yake:

A pH 7, sakakkiya ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba.
A pH 8, ta kai kashi 7 da rabi cikin ɗari.
A pH 9, ta kai kimanin kashi 45 cikin ɗari.

A shekarar 1976 wani masani na Birtaniya mai suna Wickins ya nuna cewa sakakkiyar amoniya miligiram 0.45 a lita tana rage girman jatan lande da rabi, ya kuma ba da shawara kada ta wuce miligiram 0.1. Miligiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na giram.

Malamin Hakimi yana iya gwada lissafin da kansa. A ce kandami biyu, kowanne an auna an sami jimlar amoniya miligiram 2 a lita. Na farko pH 7 gare shi, sakakkiyarsa ba ta kai miligiram 0.02 ba, lafiya lau. Na biyu pH 9 gare shi, sakakkiyarsa ta kai miligiram 0.9, watau ninki 9 na iyakar da aka faɗa. Awo ɗaya, amma a wannan ana girma, a wancan ana jinya.

Kandami ɗaya ma yana iya zama duka biyun a rana guda. Koren ruwan nan tsirrai ne ƙanana, da rana suna zuƙe iskar da ke sa ruwa tsami, sai pH ya hau tun daga hantsi har ya kai ƙarshe tsakanin azahar da la'asar, daidai lokacin da ruwa ya fi zafi. Da dare kuma su shanye oksijin, har ya yi ƙasa ƙwarai da asuba. Don haka awon da aka yi da safe kaɗai ba ya faɗin gaskiyar kandami.

In amoniyar waje ta yi yawa, ta cikin jini ba ta samun hanyar fita, sai ta taru. Mashaƙa su kumbura su lalace, jini ya rage ɗaukar oksijin alhali kuwa bukatar jiki ta ƙaru. Ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta su ragu, har ƙwayar cutar da a da ba ta iya kome ta sami ƙofa. Mai kiwo zai ga sun daina ci, suna iyo a sama ba kan gado ko suna taruwa a gefe, waɗansu kuma su mutu a tsakiyar saɓa.

4. IN SUKA HAƊU

An riga an faɗa cewa mashaƙa ne ke daidaita gishiri, su ne kuma ke fitar da amoniya. Ayyukan nan biyu a sarƙe suke. Ɗaurarriyar amoniya girmanta ya yi kusa da na fotasiyam, har famfon nan yakan ɗauke ta a madadinsa. Saboda haka in ta yi yawa sai ta tare masa hanya, gishirin jini ya faɗi. A ruwa mai isasshen gishiri dabbar tana iya jurewa, tun da famfon ba ya cikin matsi. A ruwa mai ƙarancin gishiri kuwa, famfon yana iyakar ƙoƙarinsa, jiki na ƙara yin amoniya, ga kuma ta waje tana turowa. Jakin da aka riga aka yi wa lodi ne aka ƙara wa buhu.

Masana biyu na Taiwan, Lin da Chen, sun auna wannan a shekarar 2001 a kan matasan farin jatan lande, irin da aka fi kiwo a duniya. Sun nemi yawan jimlar amoniyar da ke kashe rabin dabbobin cikin kwana 4. A gishiri kashi 35 cikin dubu sai da ta kai kusan miligiram 40 a lita. A kashi 25, miligiram 35. A kashi 15 kuwa, miligiram 24 ya isa. Dabba ɗaya ce, dafi ɗaya ne, gishiri kaɗai aka rage.

Akwai kuma wani dafi da ke bin baya. Waɗansu ƙwayoyin bakteriya masu amfani suna juyar da amoniya ta zama naitirait, waɗansu kuma su juyar da naitirait ya zama naitiret, wanda ba shi da dafi sosai. A sabon kandami rukuni na biyu yakan makara, sai naitirait ya taru, shi ma ya hana jini ɗaukar oksijin. Ta ƙofar da kuloraid na gishiri ke shiga mashaƙa, ta nan yake shiga. In gishiri na da yawa ya tare ƙofar, in babu sai ya shige a sake.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa mutuwa takan biyo bayan ruwan sama mai ƙarfi. Ruwan sama ba shi da gishiri, yakan kwanta a bisa na kandami, ya rage gishiri farat ɗaya, ya kuma kashe koren ruwan da ke shanye amoniya. Jatan lande yana iya sabawa da gishiri kaɗan ƙwarai in aka rage masa sannu a hankali cikin kwanaki. Abin da ba ya ɗauka shi ne canji na gaggawa.

5. ABIN DA YA FARU A WAƊANSU ƘASASHE

A Taiwan aka fara ƙyanƙyasar babban jatan lande mai zane a shekarar 1968, a hannun Liao I-Chiu. Sana'ar ta bunƙasa, masu kiwo suka riƙa cunkusa dabbobi a kandami. A shekarar 1988 ruwa ya ɓaci, cuta ta shiga, amfanin shekarar bai kai rabin na 1987 ba.

A Tailan kuwa, manoma suka riƙa ɗauko ruwan gishiri a mota suna kai wa gonakin shinkafa da aka mayar kandami, nesa da teku. Gishirin ya riƙa tsiyaya zuwa gonakin maƙwabta da magudanan ban ruwa, har gwamnati ta hana irin wannan kiwo a yankunan ruwan daɗi a shekarar 1998.

Na uku ya fi kusa. A shekarar 1986 aka gama madatsar Diama a kogin Senegal, don a hana ruwan teku hawowa. Jatan landen kogin, wanda irinsa ne ake samu a Kwara, matansa sukan gangara zartsi su saki 'ya'ya, 'ya'yan su hayo in sun girma. Madatsar ta yanke hanyar nan, ya kusa ƙarewa a sama da ita. Ashe yana cikin masu cin katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Katantanwa ta yawaita a sabon ruwan daɗin da ya kwanta, daga 1988 annobar tsargiya ta ɓarke a garin Richard-Toll da kewaye. A wani bincike da aka buga a 2015, an mayar da jatan lande mashayar wani ƙauye, sai katantanwa mai ɗauke da cutar ta ragu da kashi 80 cikin ɗari.

6. RUWAN AREWA

Wani zai ce ai akwai rijiyoyin zartsi a Arewa, ga kanwa a ƙasar Manga, ga maɓuɓɓugan gishiri a Awe da Keana. Amma zartsi iri-iri ne. Ruwan teku ba gishirin miya kaɗai ke cikinsa ba, akwai fotasiyam da maganiziyam da kalsiyam bisa wani rabo da jikin jatan lande ya saba da shi. Ruwan zartsi na tudu sau da yawa fotasiyam da maganiziyam sun yi masa kaɗan, famfon mashaƙa kuwa ba ya tafiya sai da su. Zuba buhun gishirin kasuwa a kandami ba ya mayar da shi teku. Ruwan kanwa ya fi haɗari, domin pH ɗinsa a sama yake tun asali, ɗan amoniya kaɗan sai ya zama dafi.

Abin da aka faɗa game da amoniya da pH da zafi ya shafi kandamin tarwaɗa da ƙarfasa ma, ko da yake tarwaɗa ta fi jatan lande juriya nesa. Ruwa ba ya tsami banza. In kifi ya mutu da yawa dare ɗaya, kafin a zargi maƙwabci da zuba guba, a fara auna ruwan.

7. ABIN DA YA KAMATA A YI

(a) Wanda ya zo neman fili don kiwon jatan lande, a tambaye shi wane iri ne, na teku ko na kogi, kuma daga ina zai sami 'ya'yan.

(b) A nemi ya kawo takardar awon ruwansa daga ma'aikacin sashen kifi, mai nuna gishiri, da irin gishirin, da pH. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa tana cikin wuraren da ake neman shawara.

(c) A san inda zai zubar da ruwan da ya canja. Kada a yarda ruwan gishiri ya bi ta fadama, ko kusa da rijiyar sha, domin gishiri in ya shiga gona fitarsa sai an sha wahala.

(d) A gargaɗi masu kandami su auna amoniya da pH tare, da asuba da kuma la'asar, su rage abinci ran da aka yi hadari ko dabbobi suka rage ci, kada kuma su zuba farar ƙasa ko toka sa'ad da amoniya ta hau.

(e) Kada a bar takin yuriya ko ruwan turke da na akurki su gangara cikin kandami.

(f) In aka sami mutuwa mai yawa, Dagaci ya sanar da Hakimi nan da nan. Malami ya rubuta ranar, da sa'ar, da ko an yi ruwan sama, da abincin da aka ba su, a ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta a aika wa ma'aikacin kifi a ranar.

(g) In ana shirin datse wani kogi, a tambayi Sarkin Ruwa da masunta waɗanne dabbobi ne ke hawa da gangara a cikinsa, a rubuta a aika gaba tun ba a fara aiki ba.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne ayyuka uku mashaƙa ke yi?
2. Don me jatan lande ya fi fitar da amoniya a ruwa mai ƙarancin gishiri?
3. Kandami yana da jimlar amoniya miligiram 3 a lita, pH 8, zafi digiri 30. Nawa ce sakakkiyarsa? Ta wuce iyaka ko ba ta wuce ba?
4. Ta yaya madatsar Diama ta shafi lafiyar mutanen bakin kogin Senegal?